Darasi na 7: Motsa Jiki da Koyon Magana a Wurin Ƙananan Yara

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:
1. bayyana yadda zama da rarrafe da tafiya suke buɗe wa yaro hanyar koyon kalmomi;
2. faɗin yawan lokacin motsa jiki da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 yake bukata a yini;
3. mayar da aikin gida ko wasan tsakar gida ya zama darasin magana;
4. gane alamomin da ke nuna ya kamata a kai yaro asibiti.

1. MENE NE MOTSA JIKI A WURIN YARO?

Idan aka ce motsa jiki, babba yakan tuna gudun safe ko ƙwallon ƙafa. A wurin yaro abin ya fi haka faɗi. Jaririn da aka shimfiɗe a tabarma yana wutsil-wutsil da ƙafafu, motsa jiki yake yi. Haka mai rarrafe da ya bi kaza har bakin madafi, da mai tatata da ke dafe da bango, da 'yar shekara 4 da ta ɗora ƙoƙo a ka tana kwaikwayon mai tallar nono. Ba sai an sayi kayan wasa ba, ba kuma sai an fita fili ba.

————————
AKWATIN MA'ANA NA 1
Motsin manyan gaɓoɓi: aikin da ƙafafu da hannaye da gadon baya suke yi, kamar zama, rarrafe, gudu, tsalle da hawa.
Motsin yatsu: aikin da ke bukatar yatsu da ido su haɗa kai, kamar tsince tsakuwa, ɓare gyaɗa ko riƙe alli.
Fahimtar magana: yaro ya gane abin da aka faɗa masa, ko da bai iya maimaitawa ba.
Furta magana: yaro ya faɗi kalma da bakinsa.
————————

A lura da ma'anoni biyu na ƙarshe. Fahimta tana riga furtawa. Yaron da aka ce wa "miƙo min buta" ya je ya ɗauko, ya san kalmar buta, ko da watanni za su wuce kafin ya faɗe ta.

2. YADDA ƘAFA TAKE BUƊE WA HARSHE HANYA

Mu bi jariri daga kwance. Muddin yana kwance rigingine, abin da yake gani kaɗan ne: rufin ɗaki da fuskar wanda ya sunkuyo a kansa. Ranar da ya iya zama, hannayensa biyu sun sami 'yanci. Yana ɗaukar cokali, ya juya shi, ya kai baki, ya buga a ƙasa. Ƙirjinsa ma ya sami sarari, numfashi ya ƙara tsawo, sautin da yake fitarwa ya ƙaru. Wajen wata 6 zuwa 8 za ku ga yana bubbuga murfin kwano a ƙasa, a daidai wannan lokaci kuma gwaranci irin na "ba-ba-ba" da "da-da-da" yake kankama. Masana sun daɗe da lura cewa maimaita bugun hannu da maimaita gaɓar sauti sukan zo kusan tare.

Babban sauyi yana zuwa ne da tafiya. A shekarar 2012, Karen Adolph da abokan aikinta na Jami'ar New York a Amurka sun ƙirga takun yara 'yan wata 12 zuwa 19 a lokacin da aka sake su suna wasa. Sun samu cewa a awa ɗaya yaro yakan yi taku kimanin 2,368, ya faɗi sau 17. Ku tsaya ku yi tunanin wannan adadi. Kowane taku yana kai shi kusa da wani abu: randa, tsintsiya, akuya, takalmin baƙo. Kowane abu kuma yana da suna.

Akwai wani bambanci tsakanin mai rarrafe da mai tafiya wanda duk uwa ta sani. Mai rarrafe hannayensa suna ƙasa, idonsa ma yawanci a ƙasa yake. Idan ya sami abu, sai ya zauna inda yake ya ɗaga shi. Mai tafiya kuwa ɗaukowa yake yi ya kawo miki har cinya. Wani bincike na wannan jami'a da aka buga a 2014, a kan yara 'yan wata 13, ya nuna cewa iyaye mata suna amsa wa yaron da ya tako ya kawo abu da wata irin magana dabam: umarni mai ɗauke da aiki, irin su "buɗe shi" ko "kai wa wane". A shekarar 2014 ɗin kuma Eric Walle da Joseph Campos sun samu cewa yaran da suka fara tafiya sun fi tsararrakinsu masu rarrafe yawan kalmomin da suke ganewa da waɗanda suke furtawa. An sake gwada wannan a ƙasar Sin, aka ga abu mai kama da haka.

To, a nan ne ake yawan kuskure. Ba ƙafar ce take koyar da kalma ba. Ƙafa tana kai yaro wurin abu ne, ta kuma jawo hankalin babba. Idan babban ya yi shiru, ko ya fizge abin ya ce "bari!" kawai, tafiyar ta tashi a banza ta fuskar magana. Wasu masu bincike ma da suka bi yara na tsawon lokaci ba su ga wannan dangantaka da ƙarfi ba. Saboda haka kada wata ta tashi hankalinta don ɗan maƙwabta ya riga nata tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe 5, wato Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta buga sakamakon a 2006. Zama ba tallafi ya zo wa yaran tsakanin wata 4 da wata 9, tafiya ba riƙo kuma tsakanin wata 8 da kusan wata 18. Tazarar tana da faɗi, kuma duk lafiyayyu ne.

3. NUNI DA YATSA

Kafin yaro ya ce "mota", yakan miƙa yatsa ya nuna ta, sannan ya waiwayo ya dubi fuskarka. Wannan waiwayen shi ne muhimmi. Ma'anarsa: "Ka ga abin da na gani?" Yawancin yara suna fara wannan tsakanin wata 9 da wata 14.

Meredith Rowe da Susan Goldin-Meadow na Jami'ar Chicago sun bi iyalai 50, suka buga sakamakon a 2009. Yaran da suka fi amfani da hannu wajen isar da ma'anoni daban-daban suna da wata 14, su ne suka fi yawan kalmomi da suka kai shekara 4 da rabi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk sanda yaro ya nuna abu, ya zaɓi darasinsa da kansa, hankalinsa yana kai. Sunan da ka ba shi a wannan lokaci ya fi zama a kansa fiye da goma da za ka jera masa yana kallon wani wuri.

————————
AKWATIN MA'ANA NA 2
Haɗa hankali: yaro da babba su mai da hankali kan abu ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya san ɗayan yana kallo.
Ba-ni-in-ba-ka a magana: yaro ya yi sauti ko nuni, babba ya amsa, ya dakata, yaro ya sake yi. Ko jaririn da bai da kalma ɗaya yana iya wannan.
————————

4. A ƊORA KALMA A KAN AIKI

Sunayen abubuwa suna da sauƙin koyo, domin ana iya nuna su. Kalmomin aiki da na wuri sun fi wuya. Yaya za ka nuna wa ɗan shekara 2 "ƙarƙashi", ko "sannu a hankali", ko "nauyi"? Sai ya shiga ƙarƙashin gado, sai ya taka a hankali da ruwa a kofi, sai ya cicciɓi turmi ya kasa. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi. Ba a cewa a bar shi ya ƙone, amma gaskiyar da ke ciki ita ce jiki yakan riga kunne ganewa.

Hausa tana da wani tsari da ba ya koyuwa a zaune. Ku dubi waɗannan: fita da fito, shiga da shigo, hau da hawo, sauka da sauko, ɗauka da ɗauko. Wannan "o" ta ƙarshe tana nuna aikin ya nufo wurin mai magana. Babu uwar da ta taɓa zaunar da ɗanta ta yi masa wannan bayani. Ya koya ne domin an ce masa "fito" yana cikin ɗaki Inna tana tsakar gida, an kuma ce masa "fita" su biyun suna ciki. Sai da ya tsallaka dokin ƙofa sau da yawa, ta nan da ta can, kafin bambancin ya zauna masa.

An gwada wannan hanya a makaranta. A 2015, Myrto Mavilidi da abokan aikinta a Ostireliya sun koya wa yara 111 'yan ajin share fage kalmomin Italiyanci 14 cikin mako 4. Wasu sun maimaita kalmomin a zaune, wasu kuma sun aikata ma'anar kowace kalma da dukan jikinsu. Masu aikatawa su ne suka fi tunawa. Abin lura shi ne, sun fi har yaran da aka sa su motsa jikin da bai da alaƙa da kalmar. Ke nan motsin da ya dace da ma'ana shi ya fi amfani.

Misali na 1: Shara da safe

Mu ɗauka Auta yana da shekara 2, Inna tana shara, ya zo ya kama tsintsiya.

Hanya ta farko:
Inna: Kai, sake min! Je ka zauna.
Auta ya ji kalmomi kaɗan, duk na kora, wasa ya ƙare.

Hanya ta biyu:
Inna: Shara za ka yi? To ɗauko ƙaramar tsintsiya, ga ta can bayan randa.
Auta: Tsiya.
Inna: Ee, tsintsiya. Ɗauko tsintsiya. Yauwa. Sunkuya, ka share ƙarƙashin kujera.
Auta: Ƙasa!
Inna: Ƙasa ce, ta yi yawa. Tura ta waje. Madalla, sannu da aiki, maigida.

Ku lura da abin da Inna ta yi. Ba ta ce "ba haka ake faɗa ba", ta dai maimaita kalmar daidai. Da ya faɗi kalma ɗaya, ta mayar masa da ita cikin gajeriyar jimla. Ya kuma ji bayan, ƙarƙashin, waje, sunkuya da tura, kowace tare da aikinta. Sharar za ta ɗan yi jinkiri, kuma sai an sake bin inda ya share. Wannan shi ne kuɗin makarantar.

5. YAWAN LOKACIN DA AKE BUKATA

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ga ta a taƙaice:

Ƙasa da shekara 1: wasa a ƙasa sau da yawa a yini. Wanda bai fara rarrafe ba a kwantar da shi rub da ciki yana farke, jimillar minti 30 a yini, ana kallonsa. Ba waya, ba talabijin.
Shekara 1 zuwa 2: motsa jiki minti 180 a yini, a rarrabe. Ɗan shekara 1 ba kallo. Ɗan shekara 2 kada ya wuce awa 1. Barci awa 11 zuwa 14.
Shekara 3 zuwa 4: minti 180, a ciki minti 60 su zama na wasa mai sa haki. Kallo kada ya wuce awa 1. Barci awa 10 zuwa 13.

Kwanciyar rub da ciki ta wasa ce kawai. Idan barci jariri zai yi, a kwantar da shi rigingine.

Shawarar ta ƙara da cewa kada a tsare yaro wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, ta kuma ambaci goyo a baya cikin misalanta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don haka mu yi masa adalci. Goyo ba laifi ba ne. Yaron da ke baya yana jin ɗumin uwarsa, yana jin cinikin da take yi da gaisuwar da take amsawa, ya kuma tsira daga wuta da rijiya a lokacin da hannunta ba ya sarari. Amma a baya ba ya ganin bakinta, ita ma ba ta ganin abin da yake nunawa. Matar da ke daka ko surfe ba za ta riƙa duba agogo ba. Abin da za ta iya shi ne, idan aiki ya lafa kuma yaron yana farke, ta kwance shi ta shimfiɗa masa zane kusa da ita, su fuskanci juna.

Waya kuwa, a ganina, ta fi goyo zama abin damuwa a yau. Tana sa yaro ya yi tsit, shi ya sa muke miƙa masa. Sai dai tana ɗaure ƙafa da baki a lokaci guda, kuma ba ta amsa masa idan ya nuna abu.

Misali na 2: Lissafin yini

Mu ɗauka Ummi tana da shekara 3. Ga yininta: bin Inna wajen shara da wanke-wanke, minti 25, wasan ƙasa da 'yar tsana, tana kai da komo, minti 40, zuwa islamiyya da dawowa a ƙafa, minti 30, guje-guje da yaran gida bayan la'asar, minti 45, rawa da tafi da dare, minti 15.

25 + 40 + 30 + 45 + 15 = minti 155.
180 − 155 = minti 25. Saura minti 25 ta cika.

Wasa mai sa haki kuma: guje-guje 45 da rawa 15 sun ba da 60, wannan ya cika. Ragowar minti 25 ana iya samunsu idan Baba ya riƙe hannunta zuwa shago da yamma, suna tafe yana amsa tambayoyinta.

6. ABIN DA MUKE DA SHI A GIDA

Wasanninmu na gargajiya sun riga sun haɗa motsi da magana. Gaɗa tana da tafi da rawa da waƙa mai amshi, inda dole yarinya ta saurara ta jira lokacinta. Wasan ɓuya cike yake da "ina" da "bayan" da "cikin". Carafke yana horar da yatsu da ƙirga. Langa ta fi ƙarfin ɗan shekara 3, amma ku bar shi ya tsaya gefe yana gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya yana kwaikwayon yayyensa. Yara masu tazarar shekaru idan suna wasa tare, ƙarami yana ɗibar kalmomi da yawa daga manya.

Akwai wani wuri da al'ada ta bar giɓi, ta kuma tanadi mai cike shi. A gidaje da yawa uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ba sai an yi faɗa da wannan ba. Kaka tana nan, wadda tsakaninta da jika wasa ne da tsokana, tana kiransa "mijina" ko ta kira jikanya "kishiyata". Goggo da yayye ma suna nan. Abin kula shi ne sabbin ma'aurata da ke zaune su kaɗai a gidan haya a birni. Idan can ma aka riƙe kunyar alhali babu kaka a kusa, wa zai yi wa yaron hira?

Misali na 3: Ajin share fage

Malama tana da yara 40 'yan shekara 4, tana so ta koyar da sama, ƙasa, gaba da baya. Maimakon su zauna a benci suna rera kalmomin a bayanta, sai ta fitar da su inuwa, ta ja layi a ƙasa da kara. Ta ce: "Ku tsallaka gaba! Ku dawo baya! Hannu sama! Ku tsuguna ƙasa!" Bayan zagaye kaɗan sai ta daina nunawa da jikinta, ta bar murya kawai. Nan za ta gane wanda ya fahimta da wanda yake kwaikwayon na kusa da shi. A ƙarshe ta kira yara ɗaya bayan ɗaya su ba da umarnin. Da haka an tashi daga fahimta an shiga furtawa. Iyayen da ke auna kyawun makaranta da shirun ajinta da yawan aikin gida, ya kamata su sake tunani game da 'yan wannan shekaru.

7. LAFIYA, DA LOKACIN ZUWA ASIBITI

Yaron da ke fama da tamowa ko ƙarancin jini ba ya da kuzarin wasa. Yakan zauna shiru, sai a ce yana da haƙuri, a rage kula shi, kalmomin da yake ji su ragu. Abinci wajibi ne, amma wasa ma magani ne. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun yi aiki da yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu an riƙa kai musu ziyara gida kowane mako har shekara 2, ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da su da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin 100.

A kai yaro asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:
• ya kai wata 12 ba gwaranci, ba nuni, ba ya waiwayowa idan an kira shi;
• ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ba ya da kalma ko ɗaya;
• ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu, kamar "ba ni" ko "Baba tafi";
• ya daina wani abu da ya riga ya iya, ko a wane wata ne.

A nemi a duba kunnensa tun da farko, musamman idan yana yawan fitar da ruwa ko yaron ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda. Kada a tsaya kan cewa "nauyin baki ne, haka babansa ya yi". Jin harshe biyu a gida, kamar Hausa da Fulatanci ko Zabarmanci, ba ya hana yaro magana. Yaron da ke da lalurar ƙafa shi ma zai koyi magana sarai, sai dai a riƙa ɗaukarsa zuwa wurin abubuwa, a kuma kawo masa su ya taɓa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambanci tsakanin fahimtar magana da furta magana? Wanne yake fara zuwa?
2. Me ya sa mai tafiya yakan ji magana iri dabam da wadda mai rarrafe yake ji?
3. Gaskiya ko ƙarya: duk yaron da ya makara wajen tafiya zai makara wajen magana. Kawo dalili.
4. Minti nawa na motsa jiki ɗan shekara 3 yake bukata a yini, kuma nawa ne daga ciki za su zama masu sa haki?
5. Wani yaro ɗan shekara 2 ya yi wasa na minti 35 da safe, 50 da rana, 40 da yamma. Minti nawa suka rage masa?
6. A Misali na 1, me Inna ta yi da Auta ya ce "tsiya"? Me ya sa ba ta tsawata masa ba?
7. Kawo amfani ɗaya na goyo da abu ɗaya da yaro yake rasawa idan ya daɗe a baya.
8. Wata maƙwabciya ta ce ɗanta ya kai shekara 2 ba ya magana, amma gado ne. Wace shawara za ka ba ta?
9. Aikin gida: zaɓi aiki ɗaya, kamar wanki ko ba dabbobi abinci, ka yi shi tare da ƙaramin yaro. Rubuta kalmomin aiki 5 da kalmomin wuri 3 da ka faɗa masa, da abin da ya amsa, ka kawo aji mako mai zuwa.